Koren Rini Ko Hoton Kateta: Wanne Ya Dace Da Tiyatar Jijiyoyin Jinin Laka?

Ga yadda abin ya saba zuwa. Dattijo mai shekara 55 ko 60, wanda ya saba takawa daga gida zuwa masallacin Juma'a ba tare da ya tsaya ba, sai ya fara jin ƙafafunsa suna nauyi a rabin hanya. In ya samu dakali ya huta minti goma sai su sake, ya tashi ya ci gaba. Bayan wasu watanni tsayuwar sallah ta fara gagara, tafin ƙafa yana zugi ko yana yi kamar an taka auduga, fitsari yana wahalar fita ko yana ɗiga, alwala ba ta riƙuwa. Wani ya ce ciwon suga ne, wani ya ce sanyin ƙashi, wani ya ce tsufa. Ana iya kwashe shekara guda ko fiye kafin a gane cewa wata 'yar jijiyar jini ce, wadda kaurinta bai fi na tsinken ashana ba, ta kauce hanya a bayansa.

Likitoci suna kiran wannan larura fistular jijiyoyin jinin laka. A Katsina kalmar fistula ba baƙuwa ba ce, saboda cibiyar masu yoyon fitsari da ke Babbar Ruga. Ma'anarta ɗaya ce a ko'ina a jiki: ɓarauniyar hanya tsakanin wurare biyu da bai kamata su haɗu ba. A nan haɗuwar tana tsakanin jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi, wadda za mu kira jijiyar kawowa, da wadda ke mayar da shi a hankali, wato jijiyar mayarwa. Mai noman rani zai gane abin nan take. In aka jona tiyon injin ban ruwa kai tsaye cikin magudanar da ke fitar da ruwa daga lambu, magudanar za ta cika ta tumbatsa, ruwan lambun ya rasa mafita, shuka ta ruɓe a tsaye. Haka laka take kumbura idan jijiyoyin mayarwarta suka cika da jini mai ƙarfin da ba nasu ba.

Maganin shi ne a toshe ɓarauniyar hanyar daidai inda take, ba sama ba, ba ƙasa ba, kuma ba a taɓa jijiyar da ke ciyar da lakar ba. Duk gardamar kayan aiki a ɗakin tiyata a kan wannan take. Da me likita zai tabbatar cewa jijiyar da zai yanke ita ce, kuma da me zai tabbatar ya gama kafin ya ɗinke? Akwai koren rinin da ake kira indosayanin girin, ICG a taƙaice. Akwai hoton jijiyoyin jini ta kateta, siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya, wato hoton DSA, da ake ɗauka ana tsakiyar aiki. Akwai rawayan rini, fulorasin. Akwai kuma ƙaramar na'urar Doppler da ke jin motsin jini. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, koren rini yana nuna abin da ke gaban madubin tiyata, wanda ke ƙara wa abu girma, ne kawai. A nau'in da ya fi yawa wannan ya wadatar, a wasu kuwa dogaro da shi kaɗai ganganci ne.

Cutar ba iri ɗaya ba ce

Nau'i na farko, wanda za mu kira fistular dura, shi ne wanda dattijon nan yake da shi, kuma shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na duk masu irin wannan larura. Ɓarauniyar hanyar tana cikin tantani mai kauri da ya lulluɓe laka, wanda ake kira dura, daidai inda saiwar jijiya take huda shi ta fita. Jijiyar mayarwa guda ɗaya ce take ɗauko jinin daga nan ta kai shi bayan laka. Maza ne suka fi kamuwa, akasari bayan shekara 50, kuma yawanci daga tsakiyar baya zuwa ƙugu. Ba kasafai yake fashewa ya zubar da jini ba, a hankali yake cin mutum. Sai a 1977 Kendall da Logue a Ingila suka nuna cewa asalin matsalar tana jikin dura ne. Kafin nan likitoci kan ɓare kumburarrun jijiyoyin daga bayan laka, abin da ke ƙara wa mara lafiya rauni, domin waɗannan jijiyoyi su ne magudanar lakar kanta.

Nau'i na biyu curin jijiyoyi ne a cikin naman lakar. Yara da matasa yake kamawa, kuma sau da yawa da zubar jini yake bayyana: ciwon baya mai tsanani farat ɗaya, ƙafafu su mutu cikin sa'o'i. Na uku ba shi da yawa, yana ratsa laka da ƙashi da tsoka gaba ɗaya. Na huɗu ɓarauniyar hanya ce a saman fatar laka, ba curi, amma jijiyar da ke ciyar da ita ta lakar ce, kuma sau da yawa ta gefen ciki take, wato gaban laka, ɓangaren da mai shigowa ta baya ba ya gani sai ya ɗan juya lakar. Akwai kuma waɗanda ke can ƙasa a kan siririn zaren da laka ta ƙare da shi, da waɗanda ke wajen dura da jakar jini, da na mahaɗar kai da wuya waɗanda kan fashe.

Yadda koren rinin yake aiki

Kamfanin Kodak ne ya haɗa ICG a 1955, aka amince da amfani da shi a jikin mutum a Amurka a 1959. Likitocin zuciya da hanta da ido sun daɗe suna aiki da shi kafin Andreas Raabe da abokan aikinsa a Jamus su shigo da shi tiyatar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a 2003. Da zarar ya shiga jini sai ya manne wa sinadaran furotin, don haka ba ya fita daga jijiya. In aka haska shi da hasken infirared mai tsawon kusan nanomita 800, sai ya mayar da nasa hasken a kusan 830. Ido ba ya ganin wannan, sai kyamarar da ke jikin madubin tiyata. A madubin Zeiss ana kiran wannan sashe IR 800, a na Leica FL800. Ba kowane madubi ke da shi ba, kuma wannan ne abu na farko da za a bincika kafin a sa ranar aiki.

Kwalbar tana zuwa da gari miligiram 25. Ana narka shi da ruwan allura zalla mililita 10, kowace mililita ta ɗauki miligiram 2.5. Ba a narka shi da ruwan gishiri, domin yakan guntse. Abin da aka narka ba ya wuce sa'a 6. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 ga kowane kilo na nauyin mutum, wato mai kilo 70 zai samu miligiram 14 a ƙaramin ma'auni, kusan mililita 5 da rabi. Takardar maganin ta Amurka ta ce jimillar abin da za a ba mutum kada ta wuce miligiram 2 ga kowane kilo. Likitan sa barci ne ke tura shi ta jijiyar hannu, a tura ɗaya da sauri, ya bi shi da ruwan gishiri kamar mililita 10 don ya kore shi. In aka tura a hankali, rinin zai iso a barbaje, a kasa bambance jijiyar da ta fara cika da wadda ta biyo baya, alhali wannan bambancin shi ne duk abin da ake nema.

A fistular dura aikin yana tafiya kamar haka. Mara lafiya yana kwance rub da ciki. An ƙirga gaɓoɓin ƙashin baya da eksire an tabbatar da wurin, an cire rufin ƙashi na gaɓa ɗaya ko biyu, wani lokaci rabin gefe ɗaya kawai, an tsaga dura an ɗaure gefunansa. Kumburarrun jijiyoyi ja-ja suna kwance a bayan laka, a murɗe kamar igiyar guga da aka yar. An tsotse jini, an cire auduga daga gaban madubi, sai likita ya ce a tura. Allo ya yi baƙi ƙirin. Kafin rabin minti sai wani farin zare ya fito daga jikin dura kusa da saiwar jijiya, ya haura zuwa laka, sannan hasken ya bazu cikin murɗaɗɗun jijiyoyin nan, tun kafin sauran jijiyoyin mayarwa su nuna alamar komai. Wanda ya fara haskawa shi ne wanda ake zargi. A maimaita bidiyon a hankali sau biyu ko uku. Manhajar FLOW 800 tana iya mayar da shi taswira mai launi, ja ga wanda ya fara cika, shuɗi ga na ƙarshe.

Daga nan sai a ɗana ƙaramin kilif, wato ɗan matsi mai tsayar da jini, na wucin gadi a kan jijiyar, daf da inda ta fito daga dura. In ita ce, cikin 'yan mintuna jijiyoyin za su saki, launinsu ya juya daga ja zuwa shuɗi-shuɗi mai duhu. A sake tura rini. Yanzu bai kamata a ga saurin cikar nan ba, sai dai su cika a makare, a hankali. Sai a ƙona jijiyar da lantarki a yanke ta. Kowane zagaye bai fi minti 2 zuwa 5 ba, babu hasken eksire, babu huda jijiyar kawowa. Hanta ce ke fitar da rinin, rabinsa yana barin jini cikin minti 3 zuwa 4, ƙoda ba ta da aiki a ciki. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga dattijo mai suga da hawan jini wanda ƙodarsa ta riga ta gaji.

Inda yake yaudara

Nan ne ya kamata a dakata a yi dogon bayani, domin kurakuran da ake yi da shi sanannu ne.

Hasken ba ya ratsa komai sai 'yan milimitoci. Gudan jini, ƙashi, auduga, kitse, ko ita kanta lakar, duk suna tare shi. Abin da ke ƙarƙashin laka ko cikinta, babu shi a allo. Saboda haka baƙin allo ba shaida ba ce cewa babu saura. Shaida ce kawai cewa babu saura a ɗan filin da aka buɗe.

Na biyu, kuma mafi haɗari: jijiyar kawowa ta gaskiya, wadda ke ciyar da laka, ita ma ta kusa da saiwar jijiya take shigowa, ita ma da wuri take cika, ita ma daga dura zuwa laka take tafiya. A bidiyon rini suna iya kama da juna. Abin da ke raba su shi ne siffa. Ta kawowa siririya ce, miƙaƙƙiya, tana haurawa sannan ta yi lanƙwasa mai kaifi ta shiga layin da ke bin tsawon laka. Ta mayarwa mai kauri ce, a murɗe, tana bajewa cikin ragar jijiyoyi. Babbar cikinsu, jijiyar Adamkiewicz, wadda ke ciyar da ƙasan laka, yawanci ta hagu take shigowa tsakanin gaɓar haƙarƙari ta 9 da ta 12, daidai unguwar da fistula ta fi so. In aka yanke ta, mutum na iya tashi daga barci da shanyayyun ƙafafu na dindindin. Rini ba zai hana wannan shi kaɗai ba. Abin da ke hanawa shi ne hoton DSA da aka ɗauka kafin aiki, wanda ya nuna inda take, da na'urar da ke auna saƙon motsi da ji daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa lokacin da kilif yake ɗane. In saƙon ya faɗi, a cire kilif a sake dubawa.

Na uku, ragowar rini. In aka yi gaggawar tura na biyu, jijiyoyin suna nan suna haske daga na farko, musamman waɗanda kilif ya tsayar da jininsu rinin ya maƙale a ciki. Likita na iya zaton fistular ba ta toshe ba, ya shiga neman wata jijiyar da zai yanke. A jira minti 10 zuwa 15, a duba allon kafin a tura don a san yadda yake, kuma a lura da shigowar sabon haske, ba da hasken da ke zaune ba. Mai ciwon hanta sai an ƙara masa lokaci.

Na huɗu, rini ba ya gyara kuskuren gaɓa. In an buɗe gaɓar da ba ita ba, kumburarrun jijiyoyin za su haska tsaf, domin sun miƙe gaɓoɓi da yawa sama da ƙasa, amma ba za a ga mashigar ba. Taimakon da zai yi shi ne ya nuna ta ina hasken yake tahowa, daga sama ko daga ƙasa, a san inda za a faɗaɗa. Wasu mutane suna da haƙarƙari ko gaɓar ƙugu fiye ko ƙasa da yadda aka saba, don haka dole mai hoto da mai tiyata su yi ƙirga iri ɗaya, daga wuri ɗaya. Wasu cibiyoyin sukan bar ɗan zaren ƙarfe a jijiyar lokacin DSA ya zama alama a eksire.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma a san su. Na'urar auna iskar jini da ke yatsa takan nuna ta faɗi na ɗan lokaci bayan an tura rinin, ba don iskar ta ragu ba. Garin yana ɗauke da ɗan ayodin, don haka a tambayi mara lafiya ko jikinsa ya taɓa ƙin ayodin, ko yana da maƙoƙo mai yawan aiki. Mummunan martanin jiki ba kasafai yake faruwa ba, amma adirenalin ya kasance a kusa.

Hoton kateta ana tsakiyar aiki

DSA ba ya damuwa da abin da ido ke gani. Ana zura siririn kateta cikin babbar jijiyar jiki, a shiga bakin ƙaramar jijiyar da ke ciyar da fistular, a tura ruwan hoto, eksire ya nuna komai: gaba da baya, ciki da waje, har da abin da ke gaɓoɓi uku nesa da inda aka buɗe. Shi ne alƙalin ƙarshe a kan ko an gama ko da saura.

Wahalarsa ita ce mara lafiya yana rub da ciki, matsematsin da aka saba shiga ta nan yana ƙasa. Ko dai a sa dogon bututu a matsematsi tun yana rigingine, a naɗo shi gefen cinya kafin a juya shi, ko a shiga ta jijiyar bayan gwiwa, ko ta wuyan hannu. Bututun da zai daɗe a jijiya sai ana wanke shi da ruwa mai hefarin don kada jini ya daskare a ciki. Gadon tiyatar dole ya zama wanda eksire ke ratsawa, a cire ƙarafan da ke buɗe rauni kafin a ɗauki hoto. Bakin jijiyoyin nan ƙanana ne, kama su a mutumin da ke kife, da na'urar da ba ta kai ta ɗakin hoto kyau ba, yana bukatar gwani. Sau da yawa ana ƙara fiye da rabin sa'a a kan aikin. Ga hasken eksire a kan mara lafiya da ma'aikata, ga ruwan hoton da ke wahalar da ƙoda, ga yiwuwar kateta ya ji wa jijiya rauni. Ga kuma kuɗi, domin likita biyu ne da tawaga biyu, kuma wuta ba za ta ɗauke ko na minti ɗaya ba.

Akwai hanyar da ta haɗa biyun, kuma tana da kyau inda hali ya samu. In kateta yana zaune a bakin jijiyar, sai a tura ICG da aka tsinka sosai ta cikinsa maimakon ta hannu. Hoton yakan fi kaifi, rinin yana wucewa cikin daƙiƙoƙi, ana iya maimaitawa sau da yawa ba jira, kuma ana gane abin da kowace jijiya take ciyarwa ita kaɗai.

Fulorasin kuwa shi ne rinin da asibitocin ido suka saba da shi, yana da araha. Da matatar haske irin YELLOW 560 likita yana ganinsa ta idon madubi kai tsaye yana aiki, kuma ƙananan jijiyoyi sukan fito sarai. Aibinsa shi ne yana tsiyaya daga jijiya ya rina nama, yana daɗewa a jiki, don haka zagaye na biyu, wanda shi ne na tabbatarwa, ba ya fita da tsabta. Fitsari yakan yi rawaya har kwana guda ko fiye, a gaya wa iyali tun da wuri kada su ɗauka shawara ce. Doppler ɗin tiyata shi ne mafi sauƙi: a ɗora kansa a kan jijiya, in tana bugawa kamar ta kawowa a ji, bayan kilif a ji ta yi shiru. Ba ya ba da taswira, kuma kusurwar da aka riƙe shi tana canza abin da ake ji, amma ana iya maimaita shi sau ashirin ba a kashe ko kwabo ba.

Wanne ga wanne

Ga fistular dura guda ɗaya, wadda DSA na kafin aiki ya nuna ta sarai, koren rini ya isa, kuma shi muka fi so. Jijiyar da ake nema tana ta baya, a fili, a gaban madubi. Jawo DSA cikin ɗakin tiyata saboda ita ƙarin haɗari ne da kuɗi ba tare da wata riba mai yawa ba. Za mu ƙara da abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye: an yi shekaru ana warkar da wannan nau'i kafin rinin ya zo. Ƙwararren likita mai madubi mai kyau, da kilif, da Doppler, da hoton DSA mai kyau a gabansa, yana iya yin aikin lafiya. Rinin yana ƙara natsuwa ne, musamman in jijiyoyi biyu suka fito kusa da juna, ko an taɓa yin aiki a wurin tabo ya rufe komai.

Ga wadda ke kan zaren ƙarshen laka, rinin yana da daɗin aiki ƙwarai. Jijiya biyu ne kwance gefe da gefe, kamanninsu ɗaya, ɗaya tana saukowa da jini ɗaya tana haurawa da shi. Bidiyon yana nuna hasken ya sauko ya juya ya hau, kuma inda ya juya nan ne za a yanke.

Ga fistular saman laka, ya danganta da inda take. In ta baya ce ko ta gefe, rini da na'urar auna saƙon motsi sun wadatar a mafi yawan lokuta. In ta gefen ciki ce, ko masu ciyar da ita sun fi ɗaya, a nemi wurin da ke da DSA a ɗakin tiyata. Manya masu gudun jini sosai, toshewa ta kateta ce kan gaba.

Ga curin da ke cikin laka, rini ɗan rakiya ne kawai. Zai nuna masu shiga da masu fita a sama, ya taimaka kada a toshe mafita kafin mashiga, abin da ke sa curin ya kumbura ya fashe. Amma ba zai taɓa cewa an cire duka ba. Nan DSA wajibi ne, ko ana cikin aiki ko jim kaɗan bayansa. Haka fistular wajen dura mai jakar jini, da ta mahaɗar kai da wuya. Wani curin jijiyoyi da ake kira kabanoma kuma, wanda jininsa ba ya gudu, ba ya haskawa da rini, ba ya fita a DSA, MRI ne ke nuna shi.

Akwai tambayar da iyali kan yi kafin duk wannan: ba za a iya yi ba tare da an yanka ba? Ana iya toshe fistular dura ta kateta da gam na musamman, NBCA ko Onyx. Sharaɗin shi ne gam ɗin ya ratsa ɓarauniyar hanyar ya shiga farkon jijiyar mayarwa. In ya tsaya kafin nan, ƙananan jijiyoyin dura za su buɗe sabuwar hanya cutar ta dawo. Tiyata tana toshewa gaba ɗaya a sama da kashi 95 cikin 100, gam kuwa kusan 70 ko ɗan sama. In jijiyar da ke ciyar da fistular ita ce kuma ke ciyar da laka, ba a sa gam sam. Ga mutumin da zai dawo Daura ko Mashi ko Jibiya, wanda komawa asibiti karo na biyu yake nufin sayar da dabba ko gona, aikin da ake yi sau ɗaya a gama yana da nauyi a ma'auni.

Daga Katsina ko Daura

Yawancin asarar da ake yi tana faruwa ne tun kafin a kai ga ɗakin tiyata. A yankinmu, likitan da ya ga ƙafafu suna mutuwa da kumburin ƙasan laka a MRI dole ya tuna da tarin fuka na ƙashin baya, ya tuna da tsargiya mai kama laka ga wanda ke shiga ruwan madatsu irin na Jibiya, Zobe, Ajiwa ko Sabke. Wannan daidai ne. Matsalar ita ce maganin tsargiyar laka da na kumburin laka ya haɗa da sitiroyid, su firedinisolon da dekzametazon, kuma sitiroyid na iya durƙusar da mai fistular dura cikin sa'o'i ko kwana guda. Duk wanda ƙafafunsa suka ƙara mutuwa bayan an ba shi sitiroyid, a koma a sake duba hotonsa. Abin da ake nema shi ne ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jere a bayan laka a nau'in hoton MRI da ake kira T2, kamar an barbaɗa barkono. Su ne kumburarrun jijiyoyin. Kuma inda kumburin yake ba shi ne inda fistular take ba, tana iya kasancewa gaɓoɓi da yawa nesa. Shi ya sa DSA na laka yake cin lokaci, wani lokaci sai an shiga jijiyoyi kusan 30 ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama. Hoton jijiyoyi na MRI kafin nan yana rage yawan waɗanda za a bincika.

Wanda ya fara daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin Daura, mai yiwuwa a tura shi gaba: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kusan kilomita 170 daga Katsina, ko ta hanyar Kazaure ga mutanen Daura, ko asibitin Shika a Zariya, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Abuja. Kafin a ɗauki Baba a mota, ɗansa ko ƙaninsa ya samu likitan ya yi masa tambayoyi a fili: "Ranka ya daɗe, wane nau'i ne a cikinsu? An ga ainihin gaɓar da take da gefen da take? An ga inda jijiyar da ke ciyar da laka ta shigo? Da me za a tabbatar an toshe kafin a ɗinke?" In amsar ta ƙarshe ita ce kilif da Doppler, kuma fistular dura ce guda ɗaya da hoto ya nuna sarai, kada a ɗaga aikin wata uku ana tara kuɗin zuwa inda ke da koren rini. Wanda aka yi wa aiki yana takawa da sanda yakan samu sauƙi fiye da wanda aka yi wa yana kan keke. In kuwa curi ne a cikin laka, tafiyar da kuɗin sun cancanta. A tafi da faifan hotunan gaba ɗaya, ba takardar rahoto kaɗai ba, da sakamakon gwajin ƙoda da hanta.

Bayan aiki, ƙarfin ƙafa ne ke fara dawowa, a hankali cikin watanni, tare da gashi da motsa jiki. Fitsari da bayan gida da zugin ƙafa sun fi taurin kai, wasu ba sa komawa yadda suke. In ƙafafu suka ƙara rauni a kwanakin farko, a sanar da likita nan take, domin jini na iya daskarewa a manyan jijiyoyin da gudunsu ya ragu, kuma wasu likitocin sukan ba da hefarin saboda haka, ko kuma jini ya taru a wurin aikin ya danne laka. Ruwa mai haske yana ɗiga daga ɗinki, da ciwon kai in an tashi zaune, alama ce dura bai rufu ba. Ana maimaita MRI bayan kamar wata 3. In kumburin bai ragu ba, ɗigo-ɗigon nan suna nan, ko mutum ya samu sauƙi sannan ya koma baya, a sake DSA ko da bidiyon rinin ranar aiki ya nuna komai ya toshe.